Kwamfutar da ta zo cikin buhun wake

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cewa gyaran kwamfuta danne-danne ne kawai, ban ga laifinku ba. Ni ma haka na ɗauke shi, kuma ina cikin sana'ar tsundum na ɗauke shi haka. Iyakar karatuna aji uku na sakandare. Gyaran rediyo na fara koya a nan Batsari wurin marigayi Malam Mudi, wanda ya shekara guda bai bar ni na riƙe ƙarfen narka dalma ba, sai sharar shago da ware sukurori a gwangwanayen madara. In aka kawo masa rediyo, ba ya kwance ko sukuru ɗaya sai ya tambayi mai ita yaushe ta daina magana, me aka yi mata kafin nan, wa ya taɓa ta. A lokacin gani nake surutun tsofaffi ne.

Da kasuwar rediyo ta ja baya, na tafi Katsina na yi wata takwas a wani shagon kwamfuta. Na dawo da sukurudireba iri shida, da buroshin goge ƙura, da fulash guda biyu na ɗaukar bayanai, da wani ɗan akwati da ake saka had dis a ciki a karanta shi ta waje. Had dis shi ne rumbun kwamfuta, duk abin da mutum ya rubuta ko ya ajiye yana cikinsa. Ɗaya daga fulash ɗin nan na musamman ne, don in kwamfuta ta ƙi tashi da kanta, ana iya tada ta da shi a shiga rumbun a kwaso kaya. Kayan aiki ke nan, ba su cika jaka ba. Abin da na dawo da shi wanda ya fi su nauyi shi ne munanan halaye guda biyu.

Na farko, wanki. Akwai wani malamin dabbobi daga Babban Duhu da ya kawo mini kwamfutarsa ta ƙi tashi. Ban tambaye shi komai ba. Na ce ya je ya ci abinci ya dawo, na goge rumbun tas, na zuba mata sabuwar manhaja. Wannan shi muke kira wanki, kuma shi ne maganin da nake ba kowace cuta. Da ya dawo ya ga ta tashi har tana sheƙi, ya yi murna. Sai ya nemi rubutunsa na rigakafin shanu na shekara huɗu, da hotunan mahaifiyarsa da ta rasu, babu. Na ce masa bairos, cutar kwamfuta, ne ya cinye tun kafin ya kawo. Mutumin nan ya ce Allah ya ƙaddara, ya yi mini godiya har da addu'a. Ban taɓa gaya masa gaskiya ba, kuma yanzu ban san inda yake ba.

Na biyu, ƙari. Mu nan mutanen mudu ne. Mai awo in ya auna maka gero sai ya cika mudu har ya yi tozo, ya ƙara maka da hannu, in bai yi ba a ce marowaci ne. Haka na mai da kwamfutar mutane. Ka kawo in canza maka caja, sai in zuba maka ƙamus, da abin kallon bidiyo, da wasan mota don yara, da maganin bairos, ba tare da ka roƙa ba. Mutane kuwa suna so. A garin nan ana auna gwanintar mai gyara da yadda ya cika fuskar kwamfuta da 'yan hotuna, kuma ni ne nake kan gaba.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba intanet. An hana sayar da fetur a jarka, don haka janareta na ya zama teburin ajiye kaya. Sola guda ce a rufin shagon da batir ɗaya da ya tsufa, daga hantsi zuwa la'asar nake da wuta, rana na karkata aiki ya ƙare. Masu kawo gyara sun ragu, sai masu son a tura musu wa'azi da finafinai a waya, tun da ba su da wata hanyar samu. Da fulash ɗina na kullum ya cika, sai na goge na musamman ɗin nan na tada kwamfuta na zuba finafinai a ciki. Na ce in layi ya dawo na sake haɗa wani.

Wata Litinin da hantsi Isiyaku ya tsaya a ƙofar shagon nan da jaki. Isiyaku taubashina ne, ɗan kawuna, kuma hedimasta ne a wata firamare a ƙauyukan Wagini. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba sai dai bawa, tun da ni ɗan mace ne.

"Bawa, tashi ka sauke wa ubangidanka kaya," in ji shi.

Na ce ban taɓa ganin ubangidan da jaki ke gaba yana baya yana haki ba. Muka gaisa, na tambayi gida da su gwaggo da yadda aka ji da wannan hali. Ya kwance rabin buhun wake, ya tura hannu har kafaɗa, ya zaro laftof a naɗe cikin zane da leda. A hanyar nan, in 'yan bindiga suka tare ka suka ga na'ura, ƙwace ita ce ƙaramar masifa, don ana iya cewa kai ne mai kai rahoto.

Ya faɗa mini abin da ke tafe da shi. An shiga ƙauyen, an ƙona ofishin makarantar da rajista da komai, mutane sun watse. A cikin laftof ɗin nan akwai sunayen 'yan aji shida su talatin da huɗu, da ranakun haihuwarsu, da hoton kowane yaro da ya ɗauka a jikin bangon aji kafin abin ya faru. Ranar Alhamis za a rufe karɓar sunayen masu jarrabawar shiga sakandare a ofishin ilimi, kuma tun da ba intanet, a takarda ake so, da hoto a gefen kowane suna. Yaran wasu suna nan Batsari a makarantar da 'yan gudun hijira suka sauka, wasu Katsina, wasu sun tsallaka Nijar. Ba mai iya tara su a sake ɗaukar hoto cikin kwana uku. Duk yaron da sunansa bai shiga ba ya rasa shekara, kuma a irin wannan zaman, yaron da ya rasa shekara da wuya ya koma aji.

Abin da ya kawo shi kawai in buga masa a takarda. Kwamfutar lafiyarta lau, na kunna ta tashi. Na sa mata manhajar firintata, wannan dole ne. Sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na ce taubashina ya sha hanya, bai kamata ya koma haka ba, na zuba masa maganin bairos daga fulash, ban duba ko akwai wani a ciki ba. Ta nemi a kashe a sake kunnawa. Na danna, ban fara buga takardar ba, ban kwafi komai ba.

Ta nuna tambarinta, 'yar ƙawanya ta juya, fuska ta yi shuɗi, ta mutu. Ta sake tashi da kanta, ta kai daidai wurin, ta sake mutuwa. Na san abin da ya faru tun a zagaye na biyu. Maganin bairos yana tsayawa ne a bakin ƙofa tun farkon tashin kwamfuta yana binciken duk mai shiga. In ka sa biyu, kowanne yana iya ɗaukar ɗan'uwansa ɓarawo, su riƙe juna a ƙofar, ba mai shiga.

Isiyaku ya leƙo ya tambayi lafiya. Na ce masa ƙurar wake ce ta shige ta, ga zafin buhu. Ya ce dama matarsa ta ce ya sa ta cikin ƙullin tufafi, shi ya ƙi. Ya ja jakinsa ya tafi wurin 'yan gudun hijira, bai ko tsokane ni ba.

Yanzu ku saurara, don nan ne aikin yake. Kwamfutar da ta ƙi tashi bayan an sa mata sabon abu, akwai matakai. Da farko na cire duk abin da ke maƙale da ita, firinta da fulash, na kunna. Ba canji. Sai na riƙa danne maɓallin kunnawa in kashe ta da ƙarfi tana tsakar tashi, sau uku a jere, don ta gane akwai matsala ta buɗe shafin ceto. Ya buɗe. A nan akwai wata ƙofar baya da kwamfuta ke tashi da kayanta na asali kawai, ta bar baƙi a waje, sai ka shiga ka cire abin da ka sa. Na gwada, ta kai rabi ta mutu. Na sake har sau biyar kafin batir ya ƙare.

Talata na zo tun rana ba ta hau solar ba. Akwai wata hanyar da ake komar da kwamfuta yadda take jiya ko shekaranjiya, in dai tana ajiye wa kanta alama. Na shiga, ta ce ba alama ko ɗaya. Sai na tuna shekara biyu da suka wuce Isiyaku ya kawo ta tana nauyi, ni ne na kashe wannan ajiyar don in samar masa wuri in zuba ƙari. Na ɗauko sukurudireba na buɗe bayanta don in cire rumbun in karanta a akwatina. Na tarar irin siririn nan ne na zamani, kamar yankan rula, ba ya shiga akwatin. Fulash ɗin da zai cece ni kuwa yana aljihuna cike da finafinai.

Na zauna ina kallon ta. Wanki ba zai ɗauki awa guda ba. Za ta tashi tana sheƙi, in ce wake ya cinye sunayen, Isiyaku ya ce Allah ya ƙaddara. Har na jawo faifan da nake wanki da shi na ajiye kusa. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban yi niyya ba.

Da la'asar ya dawo. Ya ce maganar ta fara yawo tsakanin iyaye, har wani uba ya tare shi ya ce an ba shi amanar yara ya je ya cusa cikin wake. Gobe zai tara su ya faɗa musu da bakinsa cewa laifinsa ne, kowa ya san inda zai nufa da ɗansa.

Na ce, "Isiyaku, ba wake ba ne. Ni ne. Wani abu na sa mata."

"Na ce ka sa?"

"Ba ka ce ba."

"To don me?"

"Ƙari na yi maka."

Ya maimaita kalmar a hankali, ya zauna a kan janareta. Can ya ce, "Tun jiya ban iya cin tuwo ba, Lawal."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan. Ban ba shi haƙuri da dogon zance ba, don ba shi yake bukata ba. Ya tambayi abin da ya rage, na ce mace ɗaya na sani da ke da fulash na tada kwamfuta, tana Safana, kuma ba waya balle in tambaya ko tana gari. Ya ce mu tafi tare. Na ce a'a, shi kaɗai ya san yaran nan da fuska da iyayensu, in hanya za ta riƙe mutum ɗaya gara ta riƙe wanda ya jawo. Bai yi gardama ba. Ya miƙo mini buhun waken, na naɗe laftof ɗin cikin zanen da ledar, na tura ta har ƙasa da hannuna.

Laraba da sassafe na hau a-kori-kura ta hanyar Runka. Mu goma sha wani abu ne a baya. Duk motar da muka haɗu da ita, direbanmu sai ya rage gudu ya fito da hannu ya tambayi gaba. Sau ɗaya aka ce mu dakata, muka tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya kusan awa guda har wasu masu babur suka ɓullo suka ce an wuce. Gefen hanya dawa ce ta nuna ta sunkuya, ba mai girbi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa buhuna ta ce wake dai ya yi albarka bana ga wanda ya samu ya roro. Na ce haka ne, Inna.

Wadda na je wurinta sunanta Saratu. 'Yar Babban Duhu ce, daga gidajen da kakanninsu ke kan addinin gargajiya, iyayenta Kirista ne. Ta yi karatun kwamfuta na gaske har difloma, ta buɗe shago kusa da tasha. Shekaru ina gaya wa mutane kada su kai mata gyara, iyakarta buga katin gayyatar biki. Ta sani, don magana ba ta ɓuya tsakanin Batsari da Safana.

Ta miƙe ta gaishe ni kamar yadda ake gai da uba, ta tambayi hanya da iyali da jama'ar Batsari, ta kawo ruwa. Da na zaro na'urar, tambayarta ta farko ita ce me aka sa mata na ƙarshe kafin ta ƙi tashi. Na faɗa mata komai, har da finafinan.

"Baba Lawal, har yanzu kuna cika wa mutane mudu har ya yi tozo?" in ji ta. Ta ɗan yi dariya, ta buɗe aljihun tebur. "Ga fulash, ga kujera. Ni ina da katunan biki a gabana. Amma ka kwashe kayan yaran kafin ka taɓa komai."

Na sa fulash ɗin, na kunna, na riƙa danna maɓallin da ke sa kwamfuta ta tambayi ta ina za ta tashi, na zaɓi fulash. Ta tashi da wata baƙuwar fuska, ba tata ba, amma ga rumbun a gefe. Na shiga. Ga jakar da Isiyaku ya rubuta wa Aji Shida. Na kwafe ta a wani fulash na ajiya da Saratu ta ba ni, na goge finafinan nawa na sake kwafewa a nan. Na buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa da yatsa a kan tebur, yara a jikin bango, wasu sun haɗe rai wasu suna danne dariya. Talatin da huɗu cif. Saratu ta ture katunanta ta buga mini jerin sau uku a firintarta, ta ce kada in dogara da tawa a Batsari.

Sai bayan takardun sun shiga leda na koma kan cutar. Na nemo jakar maganin bairos ɗin da na sa, Saratu ta nuna mini da bakin biro waɗanda ke tashi tare da kwamfuta, na canza musu suna don ta neme su ta rasa. Na cire fulash, na bi ta ƙofar bayan nan, wannan karon ta shiga. Na cire maganin gaba ɗaya ta hanyar da ta dace, na kashe, na kunna. Ta tashi, da hoton makarantar a fuskarta kamar ba abin da ya faru. Na kunna mata ajiyar alamar da na kashe. Duk aikin bai kai awa biyu ba, kuma da ban ɓata kayana da hannuna ba, da a shagona zan yi shi tun Litinin. Kafin in fito na ce wa Saratu maganganun da na riƙa yi a kanta ba gaskiya ba ne. Ta ce ta ji, in yi sauri kada motar ƙarshe ta tashi.

Alhamis da safe Isiyaku ya zo shago. Ya karɓi takardun ya zauna, ya ce ashe bawa yana da rana. Ya fito da biro yana bin sunayen, duk yaron da ya san inda yake sai ya sa masa 'yar alama. Da ya kai ƙarshe, sunaye uku ba su da alama. Ya ce tun ranar da aka shiga ƙauyen ba wanda ya ga waɗannan. Na ce tun da kwamfutar ta tashi, in yana so in cire su in sake bugawa, kada a tambaye shi su a ofis ya rasa amsa.

"Bar su," in ji shi. "Ba a ce mini sun bar makaranta ba."

Ya naɗe takardun ya tafi ofishin da ƙafa, aka karɓa kafin azahar.

Ranar jarrabawa, biyu daga cikin ukun nan sun zo. Ɗaya kawunsa ne ya kawo shi a keke daga wani ƙauye a Nijar, ɗayan kuma sati biyu ke nan da 'yan bindiga suka sako shi, ya zauna ya rubuta da ƙafa a ɗaure da tsumma. Ta ukun, Zulai, kujerarta ta wuni da lambarta a manne, ba kowa a kai.

Isiyaku yana kawo mini laftof ɗin nan duk ƙarshen zango in goge mata ƙura. Ba na ƙara mata komai. Kafin in kwance sukuru, sai na kwafe jakar Aji Shida, in buɗe in ƙirga. Har yanzu talatin da huɗu ne. Bai ce in cire Zulai ba, ni ma ban sake tambaya ba.